Likitocin Nijar Da Aikin Bincike: Wa Zai Rubuta Abin Da Ake Gani A Asibitocinmu?

 

Wanda ya san Madarunfa ya san gari ne na manoma da masunta a kudancin Maradi, ba nisa da iyakar Najeriya. Amma ba kowa ya san cewa sunan wannan gari yana cikin manyan mujallun likitanci na duniya ba. Cikin shekaru goma sha biyar da suka gabata, an gudanar da bincike a asibitocin karkarar Madarunfa da ƙauyukan jahar Doso wanda ya shafi yadda ake kula da yara a ƙasashe da dama. Iyayenmu mata ne suka goyo 'ya'yansu suka kai, malaman asibitinmu ne suka auna su suka cika takardu. To amma mutum nawa ne cikin likitocinmu za su iya tsara irin wannan bincike tun daga tushe, su tantance alƙalumansa, su rubuta shi har ya fito a mujalla, ba tare da jiran wani ya zo daga waje ba? A yau da tallafin ƙasashen waje ke ja da baya, amsar wannan tambaya ta shafi rayuwar yaranmu kai tsaye.

Abin da ƙauyukanmu suka koya wa duniya

A watan Maris na 2017, mujallar New England Journal of Medicine ta Amurka, ɗaya daga cikin mafi daraja a fagen likitanci, ta buga sakamakon gwajin wani rigakafi da ake ɗiga wa jarirai a baki domin kare su daga ƙwayar cutar rota mai haddasa zawo da amai. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya haɗa shi, kuma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yana jure zafi, wanda babban al'amari ne a ƙasa irin tamu da wutar lantarki ba ta isa yawancin ƙauyuka ba. Cibiyar Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa wato MSF, ita ta gudanar da gwajin a Madarunfa tare da ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasa. An bi diddigin jarirai 3,508, aka gano rigakafin ya rage zawo mai tsanani irin na wannan ƙwaya da kashi 66.7 cikin 100. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa shi cikin jerin rigakafin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya za su iya saya su rarraba.

A 2018 ɗin dai, mujallar ta sake buga wani bincike mai suna MORDOR da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya. An riƙa bai wa yara 'yan wata 1 zuwa wata 59 maganin azitromisin sau biyu a shekara, aka kwatanta ƙauyukan da suka samu da waɗanda ba su samu ba. Idan aka haɗa ƙasashen uku, mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100. Da aka ware kowace ƙasa, sai aka ga a Tanzaniya raguwar kashi 3.4 ce, a Malawi kashi 5.7, amma a Nijar, inda aka yi aikin a jahar Doso, ta kai kashi 18.1. A kan wannan sakamako OMS ta fitar da shawara a 2020 cewa ƙasashen da mutuwar yara ta yi yawa za su iya duba yiwuwar bai wa jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 wannan magani. Sai kuma a 2024 wani bincike na biyu mai suna AVENIR, shi ma a Nijar, ya nuna cewa idan aka bai wa dukan yaran har zuwa wata 59 mutuwa tana raguwa da kashi 14, idan kuwa aka taƙaita ga jarirai kaɗai amfanin ba ya fitowa sarai.

Darasin Malawi da Madarunfa

Mai karatu zai iya cewa, tun da masana a Turai da Amurka suna bincike dare da rana, me zai hana mu ɗauki sakamakonsu mu yi aiki da shi, mu huta? Labarin maganin amosisilin ya isa amsa.

An daɗe ana bai wa duk yaron da tamowa mai tsanani ta kama maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da babu wata alamar ciwo a jikinsa bayan ramar. A 2013 aka buga wani bincike daga Malawi a kan yara sama da 2,700 wanda ya nuna hakan yana taimakawa, domin waɗanda suka sha maganin sun fi warkewa, kuma sun fi tsira da rai. Da aka maimaita gwajin a cibiyoyin lafiya huɗu na Madarunfa a kan yara 2,399, sakamakon da aka buga a 2016 ya zo da wani abu daban. Cikin waɗanda suka sha amosisilin kashi 65.9 suka murmure, cikin waɗanda aka bai wa abin da ya yi kama da magani amma babu magani a cikinsa kashi 62.7 suka murmure. A ma'aunin masu ƙididdiga wannan tazara ba ta isa a ce maganin ne ya kawo ta ba, ko da yake an ga ya ɗan rage yawan yaran da sai an kwantar da su.

Babu wanda ya yi ƙarya tsakanin masu binciken biyu. Yaran ne suka bambanta. A Malawi yawancinsu tamowa ce mai kumbura jiki, kuma cutar sida ta fi yawa a can. Namu kuwa yawanci rama ce tsantsa. Magani ɗaya ne, amma jiki da abinci da cututtukan da ke yawo a gari ba ɗaya ba ne. Kowa ya ga yadda azitromisin ma ya yi aiki a Doso fiye da yadda ya yi a Tanzaniya har ninki biyar. Ƙasar da ba ta auna abu a kan mutanenta, dole ta yi aiki da ma'aunin wasu, ta sayi maganin da ba ta buƙata ko ta bar wanda zai cece ta.

Wannan tunani na kwatanta rukuni biyu ba baƙo ba ne a tarihin likitanci. Abubakar al-Razi, likitan da ya shugabanci asibiti a Rayyu da Bagadaza kuma ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta yadda ya fitar wa wasu majinyata jini da ya ga alamun ciwon da ke kama da sanƙarau, ya bar wasu da gangan bai yi musu ba, domin ya ga bambanci. Likitocin yau sun bar wannan magani nasa, amma ba su bar dabararsa ba: kada ka yarda da abin da kake zato sai ka gwada shi da kishiyarsa.

Sunan wa ke kan takarda?

A al'adar mujallun kimiyya, sunan farko a jerin marubuta na wanda ya ɗauki nauyin aikin ne ya rubuta shi, na ƙarshe kuma na babban malamin da ya jagoranta. Duk wanda ya duba waɗannan bincike da muka ambata zai tarar da sunayen 'yan Nijar a ciki, irin su Ousmane Guindo a gwajin rigakafin zawo, da Ahmed Arzika da Amza Abdou a aikin azitromisin, kuma sun cancanci yabo domin ba don su ba da aikin bai yiwu ba. Sai dai gurbin farko da na ƙarshe na masana ne da ke aiki a Faransa da Amurka. Kuɗin ma daga waje suka fito.

Wannan ba zargi ba ne ga baƙin. Sun zo da ilimi da dukiya, yaranmu kuma sun amfana. Matsalar tana wani wuri daban: wanda ya biya kuɗi kuma ya tsara bincike, shi ke zaɓar tambayar da za a amsa. Akwai tambayoyi masu yawa da ke damun likita a Tawa ko Agadas ko Difa waɗanda ba su dami mai ba da tallafi ba. Me ya sa ciwon ƙoda ke kwantar da mutane masu ƙarfin jiki? Yara nawa masu ciwon sikila ke kaiwa shekara goma? Mace nawa ke rasuwa a hanya tsakanin ƙaramar cibiyar lafiya da asibitin gunduma saboda zubar jini bayan haihuwa? Harbin kunama da saran maciji fa, da ke ƙaruwa da zafi da damina? Likitocinmu suna ganin waɗannan abubuwa kullum, suna labarinsu a tsakaninsu, amma abin da ba a ƙidaya aka rubuta ba, ba ya shiga kasafin kuɗi, ba ya shiga littafin koyar da ɗalibai. Ranar da likitan ya yi ritaya, sai ya tafi da iliminsa gida.

Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar tare da kamfanin ɗab'i na Elsevier a 2014 ya nuna cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara gaba ɗayansu ba su kai kashi 1 cikin 100 na binciken kimiyyar da ake bugawa a duniya ba, alhali nan ne cututtuka suka fi yi wa jama'a nauyi.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

A ranar 20 ga Janairun 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, ya kuma ba da sanarwar janye ƙasarsa daga OMS. A watan Maris sakataren harkokin wajen ƙasar, Marco Rubio, ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar USAID, zuwa farkon Yuli kuma aka rufe hukumar. Birtaniya ma ta sanar da rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 na kuɗin shigar ƙasa. Cikin abubuwan da guguwar ta shafa har da shirin DHS da USAID ta riƙa ɗaukar nauyinsa, wanda da shi aka yi babban binciken lafiyar mata da yara gida-gida a Nijar a 1992 da 1998 da 2006 da 2012.

A ɗaya ɓangaren, hukumomin ƙasarmu tun 2023 suna maganar 'yancin kai da dogaro da kai a kowane fanni. To 'yancin kai a fannin lafiya ba ya tsayawa a gina asibiti da sayen na'urori. Ƙasar da sai baƙo ya zo ya gaya mata yara nawa ke mutuwa a cikinta da abin da ke kashe su, da sauran aiki a gabanta. Kuma wannan alkawari ne tsoho. A watan Nuwamban 2008 ministoci daga ƙasashe da dama suka taru a Bamako suka yi kira da a ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kasafin ma'aikatun lafiya domin bincike, masu ba da tallafi kuma su ware kashi 5 na abin da suke bayarwa a fannin. Abin da ya rage shi ne a cika.

Inda gizo ke saƙa

Ba daga sifili za mu fara ba. Muna da tsangayar kimiyyar lafiya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da wasu a jami'o'in Maradi da Damagaram. Muna da cibiyar CERMES a Yamai, wadda ta daɗe tana aiki a kan sanƙarau kuma tana cikin rukunin cibiyoyin Pasteur na duniya. A watan Janairun 2025 OMS ta tabbatar da cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, kuma ba a samun irin wannan shaida sai da shekaru na gwajin jinin jama'a da kama ƙuda ana bincika su. Ashe akwai hannu, akwai ƙwaƙwalwa.

Haka kuma, a tsarin karatun likita da muka gada, babu mai zama dokta sai ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban malamai. Wato kowace shekara ɗalibai suna zama a asibitoci suna tattara bayanan majinyata. Amma da yawa daga waɗannan kundaye, da zarar an yi hoto an ci walima, sai su koma kan kanta su sha ƙura. Dalilai a bayyane suke. Ɗalibi yakan fara kundin ne ba tare da ya ƙware a ƙididdiga ba. Malamin da ke duba shi yana da ɗalibai da yawa ga majinyata ga lacca. Fayilolin asibiti sau da yawa ba a cika su yadda ya kamata, wani babu nauyin yaro, wani babu yadda jinyar ta ƙare. Kuma babu wanda ya koya wa ɗalibin yadda ake matse kundi mai shafi ɗari ya koma maƙala mai shafi shida.

Sai matsalar harshe. Likitocinmu da Faransanci suka yi karatu, alhali kusan dukan manyan mujallun likitanci da Ingilishi suke fitowa. Sai matsalar kuɗi: mujallu da yawa da ake karantawa kyauta a intanet, marubuci ne ke biyan kuɗin bugawa, kuma yakan kai dalar Amurka 2,000 zuwa sama, wato fiye da miliyan ɗaya na sefa a maƙala guda. Wasu mujallun suna yafe wa masu bincike daga ƙasashe marasa ƙarfi, amma sai wanda ya san da haka ya nema.

A nan ne 'yan damfara suka samu ƙofa. Ƙungiyar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 take da mazauni a Wagadugu, ita ke tantance ƙarin girman malaman jami'o'in ƙasashen da ke cikinta, kuma maƙaloli na cikin manyan abubuwan da take dubawa. Saboda wannan matsi, akwai mujallun bogi a intanet da ke aiko wa likita saƙo da daɗin baki, su karɓi kuɗinsa, su buga masa rubutu cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya duba ba. Mai rubutun ya yi asarar kuɗi, aikin kuma ya zube, domin babu mai ɗaukarsa hujja.

Mene ne ainihin horon da ake buƙata?

Idan an ce bincike, mutane sukan tuna da ɗakin gwaji da na'urori masu tsada. Akwai wannan, amma mafi yawan abin da muke buƙata rajistar asibiti ce da kwamfuta ɗaya da mutum mai horo. Ga misali. Tun 2013 ake rarraba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijar kowace damina, bisa shawarar da OMS ta bayar a 2012. Ma'aikaci ne ke ba da maganin ranar farko a gabansa, na rana ta biyu da ta uku kuma a hannun uwa ake barinsa. Uwa nawa ke bayarwa har ƙarshe? Wadda ba ta bayar ba, ɗacin maganin ne, ko amai, ko ajiyewa ta yi domin ranar da yaro ya kwanta? Babban likitan gunduma zai iya amsa wannan cikin 'yan watanni, kuma amsar za ta iya gyara aikin da ake kashe wa maƙudan kuɗi.

Horon da zai kai shi ga haka yana da matakai sanannu. Ya koyi taƙaita tambayarsa ta zama guda ɗaya mai amsuwa. Ya rubuta tsarin aikinsa kafin ya taɓa ko fayil ɗaya, ya san mutum nawa zai bincika kafin sakamako ya zama abin dogaro. Ya san yadda ake bambanta tasirin magani da abin da ya faru bisa dace. Ya kai tsarin gaban kwamitin ladubban bincike ya samu izini. Sannan ya koyi rubutun maƙala a sassanta huɗu, wato dalilin aikin, hanyar da aka bi, abin da aka samu, da abin da yake nufi. A ƙarshe ya koyi haƙuri da masu tantancewa, domin mujalla ta gaskiya sai ta miƙa rubutu ga masana biyu ko uku sun yi masa tankaɗe da rairaya, kuma sau da yawa sukan dawo da shi a gyara ko su ƙi shi gaba ɗaya.

Akwai tsarin da aka gwada aka ga amfaninsa. A 2009 ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da tarin fuka da ƙungiyar MSF suka fara wani horo wanda daga baya shirin TDR da ke mazaunin OMS a Janiba ya rungume shi da sunan SORT IT. Ba a cire ma'aikaci daga bakin aikinsa. Yakan zo da tambaya daga inda yake aiki, ya halarci zama uku na kusan mako guda-guda cikin shekara: na farko a rubuta tsari, na biyu a koyi sarrafa alƙaluma, na uku a rubuta maƙala, kowane ɗalibi da malamin da ke zaune kusa da shi. Ba a ba shi takardar shaida sai ya aika maƙalarsa zuwa mujalla. Wannan sharaɗi shi ya bambanta shi da tarurrukan ƙara wa juna sani da muka saba, inda ake kwana uku a otel a karɓi kuɗin zama a watse.

Kayan aikin ma da yawa kyauta ne. Manhajar KoboToolbox tana tattara bayanai a waya ko babu intanet, manhajar R tana yin ƙididdiga, Zotero tana tsara sunayen littattafan da aka duba. Shirin Hinari da OMS ta buɗe a 2002 yana bai wa cibiyoyin ƙasashe irin tamu damar karanta dubban mujallu ba da kuɗi ba. Akwai kuma mujallun Afirka na ƙwarai, kamar Pan African Medical Journal da aka kafa a 2008 mai karɓar rubutu da Faransanci da Ingilishi, da Mali Médical ta Bamako, da Annals of African Medicine ta Sakkwato.

Maƙwabtanmu sun riga sun nuna hanya

A Mali, marigayi Farfesa Ogobara Doumbo, wanda ya fara aiki a matsayin likitan karkara, yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro ta MRTC a Bamako a 1992. Dabararsa ita ce ya zaɓi matasan likitoci, ya tura su waje su yi karatu mai zurfi, ya kuma tanadar musu aikin da za su dawo su tarar, har a ƙauyuka. Kafin rasuwarsa a 2018 cibiyar ta zama abin misali a nahiyar, kuma almajiranta irin su Farfesa Alassane Dicko suna cikin waɗanda bincikensu ya kai ga maganin damina da yaranmu ke sha a yau.

A Burkina Faso, Farfesa Halidou Tinto ya gina cibiyar gwajin magunguna a Nanoro, ƙaramin gari a karkara. A can aka yi gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 wanda aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2021, kuma a 2023 mujallar Nature ta sa shi cikin mutum goma da suka fi tasiri a kimiyya a wannan shekara. Waɗannan ƙasashe biyu talauci ɗaya ne da namu, rana ɗaya ke dukanmu, yanzu kuma muna cikin ƙawance ɗaya na AES. Idan ana haɗa kai a kan tsaro, ya kamata a haɗa kai a tura matasan likitocinmu Bamako da Nanoro su koyo.

Amana kafin komai

Bincike a kan ɗan Adam amana ce, kuma ƙasar Hausa ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka yi wasa da ita. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka ta kashe kimanin 25,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu cikin rukunin biyu na gwajin. Iyaye suka kai ƙara cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Tabon bai tsaya nan ba. Lokacin da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa har ta tsallaka iyakoki.

Katangar da ke hana irin haka ita ce likitan gida mai ilimin bincike. Shi ne zai karanta tsarin da baƙo ya kawo ya gane inda aka yi coge. Shi ne zai zauna a kwamitin ladubba ya ce a'a idan ta kama. Shi ne kuma zai iya yi wa uwa bayani da harshenta cewa shiga gwaji ganin dama ne, tana iya fita duk lokacin da ta so, kuma ba za a hana ɗanta magani ba don ta ƙi. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya dace takardun neman yarda su kasance da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu, a kuma koma ƙauyen da aka yi aiki a gaya wa mutane abin da aka gano, a gaban mai gari da limamai, ko ta rediyon karkara. Wanda ya ba da jinin ɗansa yana da haƙƙin jin sakamako.

Abin da ya kamata a yi

Za a ce ƙasar da ba ta da likita 1 ga mutum 10,000, ina ta ga lokacin rubuce-rubuce alhali majinyata na kwance a ƙasa? Magana ce mai nauyi, kuma ba a ce kowane likita ya zama mai bincike ba. Amma ƙarancin likitoci da kuɗi shi ne ma babban dalilin da ya sa ba za mu iya ci gaba da aiki a makance ba. Kowa ya kamata ya iya karanta maƙala ya gane ingancinta, kaɗan daga ciki kuma a ba su lokaci su rubuta.

Ma'aikatar kiwon lafiya ta ware ƙaramin asusu na bincike bisa alkawarin Bamako, ta kuma amince wa wasu likitoci da ungozomomi da malaman asibiti rana ɗaya a mako domin wannan aiki. Jami'o'i su mayar da darasin ƙididdiga da Ingilishi na likitanci abin da ake koyarwa da gaske tun shekarun farko, su kuma zaɓi kundaye mafi kyau kowace shekara su zauna da masu su har su zama maƙala. Asibitoci su ɗauki cika fayil da rajista a matsayin sashe na jinya. Duk yarjejeniyar bincike da za a ƙulla da baƙi, a rubuta a ciki cewa za a horar da 'yan ƙasa, za a bar kwafin bayanai a gida, kuma za a ba ɗan ƙasa damar jagorantar wasu daga cikin maƙalolin.

Attajirai da ƙungiyoyin al'umma ma suna da rawar takawa. Mun saba gina ɗakin haihuwa ko sayen motar ɗaukar marasa lafiya, kuma aikin alheri ne babba. Amma kuɗin da bai kai na mota ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin matasan likitoci da dama su yi binciken shekara guda a gundumominsu. Ƙungiyoyin da ke shirya duba marasa lafiya kyauta kuma su riƙa ajiye rajista mai tsabta, su haɗa kai da ɗaliban likita, domin abin da aka gani a yini uku na aikin ido ko awon hawan jini ya zama ilimin da za a yi aiki da shi baɗi.

Iyayen Madarunfa da Doso sun riga sun ba da nasu kason, sun amince aka gwada magani a kan 'ya'yansu har yaran wasu ƙasashe suka amfana. Saura hukumomi da jami'o'i da masu hannu da shuni su ba likitocinmu horo da lokaci.

Allah ya bai wa majinyatanmu lafiya, ya saka wa ma'aikatan asibiti da alheri, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.